Ranar da muka auna kardan da mutanen kasuwa

Cikin duk shekarun da na yi ina saye da sayar da motoci a Gaya, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wadda muka loda mutanen kasuwa a bayan kat-kat, motar nan da tayoyinta huɗu duk ke ja, don mu auna ƙarfe guda ɗaya. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya kun sha jin tsofaffin tasha suna ambaton labarin guntu-guntu. Bari in ba ku shi yadda ya faru, tunda ni ne mai motar.

Ni ba makanike ba ne. Na fara da wankin mota a bakin gadar kogin da ke kan iyaka, na koma sayar da tsofaffin kayan gyara, daga baya na samu ƙarfin zuwa Kotonu in zaɓo mota da idona. A wancan lokacin gada ba ta hutawa. Motoci na shigowa daga garin Malanbil na ƙetaren kogi a jere, mu kuma muna zaune ƙarƙashin mangwarorin bayan tasha muna shan shayi muna kallonsu, kowa na faɗin wadda za ta yi kasuwa. A nan garejin Metir Sambo yake. Metir shi ne sunan da muke ba mai gareji, wanda ke yanke yadda za a yi aiki, masu walda da masu fenti duk suna ƙarƙashinsa. Sambo Bafillace ne, siriri, mai dogayen yatsu, kuma duk motar da na kawo sai ta bi ta hannunsa kafin in sa ta a kasuwa.

Wata shekara, bayan an gama girbin gero, wani manomin rake daga Karakara mai suna Malam Noma ya zo wurina. Ba'are ne, mai faɗin ƙirji, ba ya kewaye-kewaye. Ya ce gonarsa na can cikin fadama, tsakaninta da hanyar jar ƙasa akwai yashi mai zurfi da wani kwari mai laka. Manyan motocin masu saye suna tsayawa a bakin hanya, shi kuma yana ta fama da amalanken shanu, a yi ta jigila kaɗan-kaɗan. Yana son motar da za ta shiga har gindin rake, ta ɗauki abin da amalanke da yawa ke ɗauka, ta fito.

Na ce masa irin wannan motar babu ita a Kotonu. Sai dai a ƙera ta.

Ina da wata tsohuwar kat-kat mai buɗaɗɗen baya, injinta lafiyayye, jikinta ne kawai ya gaji. Na kai Noma garejin don su ga juna da Sambo. Kun san Ba'are da Bafillace taubasai ne, ko ba su taɓa haɗuwa ba. Noma ya dubi Sambo sama da ƙasa ya ce:

"Alhaji, wanga Bafillacen za ka ba aikina? Ai abin da ya sani mai ƙafa huɗu ne da wutsiya."

Sambo bai ko ɗago daga abin da yake kwancewa ba. Ya ce, "Ita ma ƙafa huɗu gare ta. Wutsiyar kuwa kai ne, tunda a baya za ka riƙa zama."

Daga nan suka shirya.

Aikin ya ci makonni. Sambo ya yanke shasi, ƙashin bayan motar, ya ƙara masa tsawo don baya ya ɗauki dogon rake. Ya kai lam, wato faifayen ƙarfen nan da jikin mota ke zaune a kansu, maƙera, aka ƙara musu lanƙwasa don motar ta tashi sama, sannan muka sa mata manyan tayoyi. Da ta sauko daga kirik, abin ɗaga mota, sai ta tsaya doguwa, mutum na iya shiga ƙarƙashinta a durƙushe. Abu ɗaya ya rage: kardan.

Ga wanda bai san mota ba, kardan shi ne dogon bututun ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Shi ke ɗauko juyi daga bwat, akwatin giya ke nan, ya kai wa pon, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu. A jikinsa akwai wuri da ake kira kulis, inda wani sashe ke shiga cikin ɗan'uwansa yana fita kamar wuƙa a kube, don kardan ya iya ɗan miƙewa ya ɗan taƙure in mota na tafiya. Tunda mun tsawaita shasi mun kuma ɗaga motar, tsohon kardan ya zama gajere. Dole a yanka shi a ƙara masa bututu.

Wanda ya fi iya wannan aikin a lokacin wani mai sassaƙar ƙarfe ne a Kamba, can ƙetaren iyaka. Shi da inci yake awo, mu da santimita, kuma an sha yin rigima a kan haka. Shi ya sa makanikan Gaya suka ɗauki wata al'ada: ba a aika masa lamba, sai kara. Metir zai shiga rami, ya ɗora karan gero miƙaƙƙe daga bakin bwat zuwa bakin pon, ya yanke shi daidai da wuƙa, a kai wa mutumin. Haka Sambo ya yi, ina tsaye a kansa. Motar na bisa ramin gareji, wankakkiya, babu ko buhu ɗaya a bayanta. Haka kowa ke awo a garin, ban taɓa ganin wanda ya yi dabam ba.

Kardan ya dawo, ya shiga wurinsa ba tare da an taɓa guduma ba. Muka fita gwaji ni da Sambo har kusa da garin Bana muka dawo. Babu rawa, babu ƙara. Na aika wa Noma saƙo na ce motarsa ta gamu, ya sa a sare rake, ranar da ya gama sara za mu iso.

Noma ya ɗauki maganata yadda na faɗe ta. Ya tara masu sara suka kwantar da fiye da rabin gonar. Ya kira masu saye biyu daga Yamai, suka zo da manyan motocinsu suka tsaya a bakin hanya. Masu amalanken da ya saba aiki da su kuwa ya sallame su, suka kama aikin wasu gonaki.

Mun isa da hantsi. Motar ta ratsa yashin nan kamar ba komai, ta gangara kwari ta haye, mutanen gari na biye da ita a guje. Aka fara lodi. Wanda bai taɓa ganin yadda mutanen fadama ke loda rake ba, ba zai gane ba. Dami kan dami, a ɗaure da igiya, a sake ɗorawa, har ya wuce kan direba. Ina kallon motar tana zama a hankali, tazarar da ke tsakanin taya da jiki tana rufewa, amma raina bai kawo komai ba. Duk motar da na taɓa sayarwa haka ake mata.

Sambo ya tayar. Ta yi tafiya kaɗan lafiya. Da ta zo hawan kwarin, sai muka ji wani gurnani daga ƙasa, kamar ana niƙa dutse, sannan ƙau! Motar ta tsaya cik.

Sambo ya kwanta cikin laka ya leƙa. Gicciyen ƙarfen da ke wuyan kardan ya tarwatse. Kulis ya shige har ƙarshe, bakinsa na ƙyalli saboda bugu. Allah ya taimake mu bwat ɗin bai tsage ba.

Na juya na dubi gonar, ga rake nan kwance tsibi-tsibi cikin rana. Noma ya zo ya tsaya kusa da ni. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Alhaji, ni ban san ƙarfe ba. Abin da na sani, rake in an sare shi ya fara mutuwa. Kai ka ce in sare."

Na ce, "Ni na ce. Ka sa a rufe shi da ganye, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Motar nan za ta dawo ta kwashe shi."

"Yaushe?"

"Kafin ya mutu."

Ya bar ƙanensa da aikin yayyafi, ya ce shi ƙafarsa ƙafarmu. Muka sauke kayan, Sambo ya kwance karyayyen kardan ya jefa a baya, muka komo Gaya da tayoyin gaba kaɗai suna ja.

Washegari da safe Sambo ya shiga rami da karan nan na farko, wanda ya ajiye a saman rumfa. Ya ɗora shi. Ya zauna daram.

"Alhaji, zo ka gani da idonka. Awona bai yi ƙarya ba. Ko dai mutumin Kamba ya sa ruɓaɓɓen ƙarfe, ko kuma dangin wannan ne suka yi mata lodin rashin imani."

Noma ya ce, "Mota aka ce ka ƙera mini, ba tasar nono ba."

Na bar su suna musu, na koma gefe na zauna ina kallon motar. Tana tsaye doguwa yadda ta tsaya ranar awo. Sai na tuno yadda na gan ta jiya a gona, a durƙushe. Shekaruna a bakin gada sun koya mini wannan: motar da ta fito daga tashar jirgin ruwa wofi tsayuwarta dabam, in ta yi wata guda a hannun mutanenmu tsayuwarta dabam. Na ce:

"Metir, motar da ka auna ba ita ce ta karye ba."

"Akwai wata ne ban sani ba?"

"Ka auna mota wofi. Wa ya taɓa ganin mota wofi a ƙasar nan, in ba a garejinka ba?"

Sambo ya ajiye karan. Ya dubi lam, ya dubi pon, ya ɗaga hannuwansa biyu ya matso da su kusa da juna a hankali. In kaya ya danne mota, jiki ya sauka, pon ya matso kusa da bwat. A motar da ba a taɓa ba, matsowar kaɗan ce, kulis na shanye ta. Amma mu mun lanƙwasa lam mun ɗaga ta sama, saboda haka saukarta ta yi nisa. Kulis ya shige har ya ƙare, kardan ya rasa inda zai je, sai ya karya wuyansa.

Noma ya ce, "To ku rage shi mana, mu tafi."

Sambo ya ce, "In na rage da ka, gobe tana dawowa wofi ta faɗa kwari, taya ya rataye, kardan ya zare ya faɗi cikin yashi. Sai na san iyakar shigarsa da iyakar fitarsa. A kawo mini kaya irin na jiya."

Nan ne matsalar. Rake na Karakara. In muka ce za mu aro buhunan shinkafa ko siminti, neman masu su da masu dako da mayarwa zai cinye yinin, kuma kowane yini ganyen da aka rufa wa raken nan yana bushewa. Na dubi hanya. Ranar kasuwa ce, mutane kamar ƙasa. Na tashi na shiga tasha na tsaya bisa benci na ce:

"Jama'a, ina neman nauyi! Duk wanda ya ci tuwo jiya ya biyo ni."

Ba ku san Gaya ta wancan lokacin ba. Ba a tambaye ni dalili ba sai da aka iso garejin. Dillalai abokaina, ƴan kabu-kabu, masu dako, wasu masunta da suka kawo kifi daga bakin kogi, har da wani mai sayar da agogo da allonsa a wuya. Na yi musu bayani a taƙaice: raken bawan Allah na kwance a rana, muna son mu ga yadda motar ke zama in an danne ta. Suka fara hawa.

Noma ne alƙali, don shi ya san inda rakensa ya kai ta. Ya tsuguna gefe yana duban tazarar taya da jiki.

"Bai kai ba. A ƙara."

Wasu suka hau.

"Bai kai ba. Wanga ramammen dillali ku sauke shi, dami guda ma bai kai ba, wuri kawai ya tare."

Dillalin ya ce, "Ramar ta neman na halal ce, Malam." Ya ƙi sauka, aka ɗora wani a cinyarsa.

Bayan motar ya cika maƙil, wasu na riƙe da ƙarfen gefe, amma Noma na ta girgiza kai. Sai idonsa ya faɗa kan Hajiya Gambi, mai soya kifi a ƙofar gareji, wadda ta bar kaskonta ta zo kallo. Hajiya mace ce da Allah ya yi wa jiki. Ta ga inda yake kallo tun kafin ya buɗe baki.

"Kai, Ba'are, ɗauke idonka. Ni za ku yi awo da ni? Buhun shinkafa ce ni?"

"Hajiya, wa ya isa ya ce buhu? Ke ce cikon albarka."

Na ce, "Hajiya, don Allah. Rake ne ke bushewa."

Ta dube ni, ta gyara ɗaurin zani. "Don rake zan hau, ba don ku ba. In ta fashe babu ruwana." Masunta biyu suka ba ta wuri a bakin ƙofar baya, aka kawo mata turmi ta taka. Tana zama, motar ta yi wani nishi ta sauka. Noma ya miƙe tsaye ya tafa hannu.

"Nan ne! Nan rakena ya kai ta!"

Wurin ya kaure da shewa. Daga cikin rami muka ji muryar Sambo: "Kada kowa ya motsa, ina da iyali!" Ya ɗora sabon kara ya yanke. Sannan ya ce tunda hanyar fadama ba shimfiɗa ba ce, yana son su yi ta tsalle a tare ya ga iyakar saukarta. Ɗaya daga cikin masuntan ya fara buga gefen motar da tafin hannu yana ba da kiɗa. Manya da gemunsu suka yi ta sukuwa a bayan kat-kat, Hajiya na riƙe da ɗankwalinta tana zaginmu ɗaya bayan ɗaya, Sambo na ƙasa yana rage karan kaɗan-kaɗan. Ban taɓa yin dariya irin ta ranar ba.

Da suka sauka, muka sa kirik muka ɗaga shasi har tayoyin baya suka rataye, Sambo ya yanke kara na uku. Ya jera su a ƙasa: gajere, matsakaici, dogo. Tsakanin gajeren da dogon ya kusa taƙi guda. Kulis ɗinmu kuwa yatsu huɗu kawai yake iya tafiya. Ma'ana, ko yaya aka yanka kardan ɗin nan, sai ya gaza ta gefe ɗaya. Ba tsawon bututun ne ciwon ba, kulis ne ya yi kaɗan.

A nan sana'ata ta yi rana. Dillali ya san inda kowace matacciyar mota take kwance. Akwai wata tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, a filin wani mai sayar da ƙarafa a hanyar kogi, na san kulis ɗinta dogo ne. Kafin azahar mun kwanto shi. Ban aiki kowa ba, ni da kaina na tafi Kamba, karan nan uku a ɗaure bisa cinyata kamar jariri. Na tsaya a kan mutumin har ya gama. Ya yanka bututun yadda in motar na tsaye wofi kulis zai zauna da sauran wuri ta kowane gefe, ya daidaita kunnuwan kardan biyu suka kalli gefe ɗaya don kada ya yi rawa, ya juya shi a injinsa yana taɓa alli har ya tabbata babu karkata. Kafin in dawo Sambo ya samo tsohon bel na injin casar shinkafa ya ɗaure pon da shasi, don ko taya ya rataye kada ya wuce iyaka.

Da muka koma Karakara, mota ɗaya ce ta rage a bakin hanya. Ɗaya mai sayen ya gaji ya tafi. Noma ya wuce gona kai tsaye. Ya sa aka yaye ganye, aka yi lodi irin na farko, ya ƙara dami biyu a sama yana kallon Sambo. Motar ta zauna. Ta gangara kwarin, ta kama hawa, muna bin ta a ƙasa kowa ya kasa kunne. Babu abin da muka ji sai injin. Ta haye. Ta sauke, ta dawo wofi tana tsalle a kan kunyoyi, kardan na wurinsa. Haka ta yi ta zirga-zirga har rana ta yi sanyi, kuma mai sayen da ya tsaya ya aika aka kira masa wata motar, ya kwashe abin da ya samu.

Ba duka aka tsira da shi ba. Na saman kowane tsibi ya bushe, wanda aka fara sara kuma bakinsa ya yi ja ya fara tsami. Noma ya sa aka ware su gefe, tsibi ne babba. Da za mu tafi, ya zaɓo dami guda daga ciki ya ɗora mini a kafaɗa da hannunsa.

"Wanga naka ne, Alhaji. Ka sha a hanya."

Na karɓa. Na san abin da yake nufi, shi ma ya san na sani. Na fere sanda ɗaya na yi ta tauna har Gaya. Babu ruwa a ciki sai ɓawo da ɗan tsami. Sambo ya miƙo hannu na ba shi tasa, shi ma ya kama tauna.

Motar ta yi wa Noma aiki shekaru masu yawa, kuma duk wanda ya zo daga wajen Karakara ko Jijiyu neman mota, shi ke turo shi wurina. Mutanen da suka hau bayanta ranar nan babu wanda ya nemi ko ruwan sha. Sai dai na daɗe ina wucewa ta kasuwa ana tare ni ana cewa, "Alhaji, yaya motarmu?" Sambo ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Mangwarorin an sare su an gina shaguna, kuma yau in ka tsaya bisa benci ka ce kana neman nauyi, sai an fara tambayarka nawa za ka biya.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Mutanen da muke sayar wa mota ba yawo za su yi da ita ba, abincinsu za su ɗora mata, kuma in ka ce musu ta gamu, za su sare gonarsu a kan maganarka. Tun daga ranar ban sake miƙa wa kowa makulli ba sai na tambaye shi me zai ɗauka, na je na ga hanyar, na ga motar a durƙushe ƙarƙashin kayan. In ban gani ba, ina ce masa ya bar rakensa a tsaye tukuna.